Bahagon Cikin Littafi

Mode ya rufe littafin, ya sake buɗewa, ya bi layin da yatsa a hankali, ko Allah zai sa kuskuren karatu ya yi. Ina! Abin da ya gani da farko shi ne dai a wurin. Bahagon ne ya saci rigar.

"Malam, kokon nan fa ya huce," in ji matarsa Zulai daga bakin murhu. "Tun da ka dawo daga masallaci kake zaune kamar wanda aka aiko wa da rasuwa."

"Bahagon ne, Zulai."

Ta saki ludayi. "Kai, haba! Mani? Wanga bawan Allah da ko ido ba ya ɗagawa?"

"Shi."

"To kai wa ya aike ka leƙen ƙarshe? Ba kai ka ce ba ka wuce masu sauraro ko da shafi guda ba?"

Gaskiyarta ce.

Mode tela ne a Bodinga. Da girmansa, da gemunsa, ya shiga ajin yaƙi da jahilci da hukumar En'e ta buɗe, ana yi masa dariya, har ya iya haɗa baƙaƙen boko. Da malamin ajin ya ga ya dage, sai ya ara masa wani littafi mai jan bango da aka buga a Zariya. Labarin wani birni ne da ba a faɗi sunansa ba. A birnin akwai Sarkin Ɗinki, wanda gidansa ya fitar da wata riga mai aska takwas da ba a taɓa ganin irinta ba, har wani Bature ya nemi a ba shi ya kai ta ƙasarsu a baje ta mutane su yi kallo. Ana gobe za a miƙa ta, aka tarar da maigadi kwance da rauni a ka, aka tarar da wata rigar jabu a adaka maimakon ta ainihi. Sai aka sa wani ɗan doka, Saje Bawa, ya bi sawu. Mutum biyu zargi ya fi faɗa wa: dillalin da ya haɗa Sarkin Ɗinki da Baturen, da kuma Mani, wani bahago mai shiru-shiru da ya tsufa yana ɗinki a zauren maigidan.

Duk ranar kasuwar Shagari Mode yakan ɗaura huluna a bayan keke ya tafi, ya sauka a rumfar amininsa Ɗantani, wanda suka yi makarantar allo tare. In an yi azahar, ciniki ya lafa, sai ya karanta babi guda. Da farko mutum uku ne ke saurare. Yanzu kuwa har mahauta suna rufe nama da ganye su taho. Mutanen da ba su taɓa kula da ɗinki ba sun koyi juya riga su duba bayanta, suna gyaɗa kai kamar sun san abin da suke nema. Wasu sun ce abin da ya kama su shi ne yadda mai littafin ya san warin shuni da yadda ido ke yaji in an daɗe a kan allura. Wasu sun ce Saje Bawa ne mutuminsu, ko da yake wani mahauci ya rantse cewa ɗan dokan da zai yi bincike tun daga farko har ƙarshe bai mari kowa ba, wannan kam ba a haife shi ba tukuna.

Da a nan abin ya tsaya, da Mode ya sha kokonsa da zafi. Amma Ɗantani ma bahago ne. Shi ma ɗinkin manyan riguna yake yi. Shi ma ya daɗe a zauren wani maigida a birnin Sakkwato, ya dawo gida rana tsaka, bai faɗa wa kowa dalili ba. Mutanen Shagari kuwa ba su san littafin da ke ƙarya ba. Duk littafin da suka taɓa gani a hannun malami, abin da ke cikinsa gaskiya ne. Mode ya faɗa ya maimaita cewa wannan ƙagaggen labari ne, wani ne ya zauna ya shirya shi da kansa. Malam Ladan, mai makarantar allo ta bayan kasuwa, wanda kullum yakan ce wucewa kawai yake yi amma sai an rufe littafi yake tashi, ya girgiza kai ya ce, "Wa zai ɓata takarda da tawada har haka a kan abin da bai faru ba? Sunaye dai aka sake don sutura." Tun daga ranar aka fara kiran Ɗantani da Mani, da farko cikin wasa, daga baya ba wasa.

"Ka ce akuya ta cinye shafukan ƙarshe," in ji Zulai.

"Har Bodinga za su biyo ni su ga akuyar."

"To ka aika ka ce ba ka da lafiya."

"In na warke fa?"

Ta mayar da kokon a tukunya. Can ta ce, "Ni dai tausayin Mani nake ji. Mi ya kai shi?"

"Bari, Zulai. Ni ta Ɗantani nake yi."

Ya sa littafin cikin aljihun riga, ya ɗaure hulunan, ya fita da keke. Ƙarshen damina ne, gero ya tsaya a kowane gefen hanya, ƙasa da sauran laima. Yakan ji daɗin wannan tafiyar, yana tafe yana gwada muryar Saje Bawa. Yau ko kallon gonakin bai yi ba. Wata babbar mota da ta fito daga Sakkwato ta watsa masa ruwan taɓo, bai ko ɗaga kai ya yi tsaki ba.

Ya tarar da Ɗantani zaune a rumfa, riga shimfiɗe a cinya, allura na shiga tana fita. Dogon mutum ne siriri, idanunsa sun ƙanƙance saboda aiki. Igiyar da ya saba rataye rigunan mutane a kanta yau kusan fayau take.

Suna cikin gaisawa wani manomi mai suna Nuhu ya iso, ya durƙusa daga bakin rumfa, ya yi ta jan gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya sake tambayar iyali. Sannan ya ce, yana kallon ƙasa, wai saƙin nan da ya kawo a yi masa ɗinkin wuya, ƙanensa ya ce a bari tukuna.

Ɗantani ya tashi, ya ɗauko saƙin, ya naɗe shi da kyau ya miƙa masa. "Ka duba, Nuhu. Naka ne dai, ba a musanya ba."

Nuhu ya yi wata 'yar dariyar kunya, amma sai da ya buɗe gefe ya leƙa kafin ya tafi. Ran Mode ya ɓaci. Shi ya kawo littafin nan garin nan, shi ya zaɓi rumfar nan.

"Ɗantani, akwai maganar da nake son mu yi game da babin yau."

Ɗantani ya ɗaga hannu da sauri. "A'a! Wallahi in ka ɓata mini ƙarshen labarin ga, mun ɓata. Ka leƙa ko? Na gani a idonka. Riƙe abinka. Mako nawa ina jira, sai yau za ka zo ka zubar mini da shi a ƙasa?"

"Ba ka ga abin da ake yi maka ba ne?"

"Ina da ido. Kawo hulunan mu baje."

Da aka sallame azahar rumfa ta cika har waje. Mahauta sun zo, masu sayar da igiya sun zo. Malam Ladan ya wuce kamar kullum, aka ba shi buzu ya zauna. Ummaru dillali, mai faɗin baki da yawan raha, ya iso da rigunan mutane jibge a kafaɗarsa, ya ce a matsa masa, yau ko cinikin doki aka kira shi ba ya zuwa. Mode ya lura babu wanda ya zauna kusa da Ɗantani. An bar masa fili kamar mai ƙyanda.

Ya buɗe littafin, ya yi bisimilla, ya fara. Ya karanta yadda Saje Bawa ya tara kowa a zauren Sarkin Ɗinki, ya shimfiɗa rigar jabun a tabarma, ya ce yau zai faɗi wanda ya yi wannan aiki. Rumfa ta yi tsit. Mode ya juya shafi. Ga sunan Mani nan a layi na biyu, baƙi ƙirin. Ya ɗaga ido ya ga rabin mutanen ba shi suke kallo ba, Ɗantani suke kallo.

Sai ya ji bakinsa ya ce, "Saje Bawa ya juya ya nuna dillali."

Daga nan kuma sai magana ta yi ta zuwa. Idonsa na kan takarda, yatsansa na tafiya, amma abin da yake faɗa daga kansa yake fitowa. Ya ce dillalin ne ya ɗauko wani maɗinki daga wani gari ya ɓoye shi, ya sa ya ɗinka jabun. Ya ce shi ya bugi maigadi da taɓarya. Ya ce an tono rigar ta ainihi a ƙarƙashin gadonsa, alƙali ya ɗaure shi, aka wanke Mani, Sarkin Ɗinki ya roƙe shi gafara a gaban jama'a. Ya rufe littafin.

Rumfa ta kaure. "Na faɗa!" in ji mahaucin nan, wanda bai taɓa faɗa ba. Wani ya ce kai, wannan littafi ya yi, mai shi Allah ya ƙara masa basira. Wani ya ce shi tun ranar da aka ce dillalin yana yawan rantsuwa ya san ba shi da gaskiya. Malam Ladan ya ce ga shi nan, zato zunubi ne, ya miƙa wa Ɗantani hannu suka gaisa. Nuhu ma ya ratso ya ce gobe zai dawo da saƙin, ƙanen nasa ba ya da tsayayyar magana. Ummaru ya yi dariya tare da kowa, ya ce dillalan birni sai a bar su, sannan ya gyara kayansa a kafaɗa ya koma cikin kasuwa.

Mode ya ji kamar an sauke masa dutse. Ɗantani kaɗai bai shiga murnar ba. Ya amsa gaisuwar masu gaisuwa, ya koma kan ɗinkinsa.

Bayan la'asar Mode ya ɗaure sauran hulunansa. Ɗantani ya ce bari ya taka masa. Suka fita gari, Mode na tura keke, har suka iso wata ɗorawa a bakin hanyar Bodinga. Nan Ɗantani ya tsaya.

"Jingine keken."

"Lafiya?"

"Jingine dai. Ba dillali ba ne."

Mode ya buɗe baki, Ɗantani ya tare shi. "Kar ka rantse, ka ƙara wani laifin. Kai da kullum sai ka yi tuntuɓe sau goma kafin ka gama shafi, yau ka zuba kamar maroƙi. Kuma mai littafin ga tun da muka fara bai taɓa jeho mana baƙo daga sama ba. Duk wanda zai yi wani abu, sai ya nuna mana shi tun da wuri, mun san tafiyarsa, mun san tarinsa. Yau sai ga wani maɗinki daga wani gari, ba suna, ba uwa, ba uba. Wanga naka ne, Mode. Ɗinkinka ne, na san hannunka."

"Don kai na yi."

"Na sani. Allah ya saka. Amma ka cuce ni." Ya juyo ya dube shi. "Ni tun ranar da aka ce zaren jabun ya kwanta ta wancan gefen, irin na ɗinkin bahago, na san Mani ne. Ba wanda ya yi nake jira in ji ba. Dalili nake jira. Kullum in na kwanta sai in ce, mi zai sa mutum ya tsufa a gida yana riƙon amana, rana ɗaya ya yi haka? Shi nake son ji, kai kuma ka ba ni taɓarya da ƙarƙashin gado."

Ya zauna a kan saiwar ɗorawar, ya nuna wa Mode gefensa. "Karanta mini abin da mutumin ya rubuta."

Mode ya zauna ya buɗe. Wannan karon a hankali ya tafi, yana tsayawa, yana komawa baya. Saje Bawa ya nuna Mani. Mani bai yi musu ba, ya ce a biyo shi. Ya kai su ɗakinsa, ga rigar nan rataye, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Da aka kai shi gaban alƙali aka tambaye shi nawa aka yi masa alkawari, sai ya ce ba kowa ya yi masa alkawarin komai. Ya ce shi ya ɗinka rigar tun daga wuya har aljihu, a kanta idonsa na dama ya dushe. In ta tafi ƙasar Turawa, sunan maigida za a rubuta a ƙarƙashinta, kuma shi bai ƙi ba, haka aka saba. Amma tun yana yaro yake ɗinka wa mutane manyan riguna, bai taɓa sa ko ɗaya a jikinsa ba. So ya yi ya sa wannan sau ɗaya, ya rufe ƙofa, ya zauna a cikinta. Da ya sa kuma sai ya kasa cirewa ya mayar.

Mode ya kai ƙarshen shafin, ya rufe littafin. Ɗantani na kallon gonar da ke gabansu. Ya daɗe haka, sannan ya sa gefen hannun riga ya goge fuska.

"Wanga mutum ya zauna cikinmu," ya ce. "Ko shi maɗinki ne, ko ubansa. Ba a jin wagga magana daga bakin ƙofa." Ya ja numfashi. "Dukan maigadin ne dai bai kyauta ba. Mi maigadi ya yi masa?"

Tambaya ta zo wa Mode har bakin harshe, game da zauren nan na Sakkwato da abin da ya faru a can. Ya dubi fuskar abokinsa, ya haɗiye ta.

Suna nan zaune wata mai fura, Hajara, ta fito daga gari da ƙwarya a ka za ta gida. Ta san su duka biyu, ta tsaya ta gaishe su.

"Ku kuna nan kuna shan iska, kasuwa ta rikice."

"Da mi?" in ji Mode.

"Ummaru dillali mana. An tare shi a bakin rumfar masu gishiri, kowa na fizge rigarsa daga kafaɗarsa. Wai an karanto a littafin boko cewa shi ya saci rigar wani sarki, har ya fasa wa mutum kai. Shina ta rantsuwa, su kuwa suna cewa ai haka aka ce shina yawan rantsuwa. Ni dai na ga hularsa a ƙasa. Allah ya kyauta." Ta gyara ƙwaryarta ta wuce.

Mode ya sunkuyar da kai. Ya dubi littafin da ke hannunsa kamar yau ya fara ganinsa.

Ɗantani ya miƙe, ya kama ƙahon keken, ya juya shi ya fuskanci gari.

"Mi za ka yi?"

"Komawa za mu yi. Ba a watse ba tukuna."

"Ɗantani, in na karanta musu wannan, kai za su koma wa. Yanzu-yanzu Malam Ladan ya ba ka hannu. Nuhu zai dawo da saƙinsa."

"Awo, na sani. Ni in sun ƙi kawo mini ɗinki, in ɗinka hula in ba ka ka sayar a Bodinga, ba wanda zai tambayi hannun da ya yi ta. Ummaru fa? Shi ba ya da allura. Yardar mutane ce kaɗai sana'arsa, ga 'ya'ya cike da gida." Ya fara tura keken. "Kuma ba zan bari su tafi gida da wancan ƙarshen naka ba. Mutum ya zauna ya yi aiki mai kyau haka, a ce mutanen Shagari ba su ji shi ba?"

Mode ya bi shi a baya.

Sun tarar rana ta yi sanyi, wasu sun fara naɗe kaya. Daga can gefen masu gishiri ana jin hayaniya da muryar Ummaru da ta dishe. Ɗantani ya jingine keken, ya janyo tabarmar daga cikin rumfa ya shimfiɗa ta a waje, a fili, inda kowa zai gan shi. Ya zauna, ya ɗora rigar da yake ɗinki a cinya, ya zura zare. Sannan ya hango Malam Ladan yana shirin tafiya, ya ɗaga murya.

"Allah gafarta Malam! A taimaka a kira mutane, a zo da Ummaru. Mode ya tsallake shafi."